Ba mu da teku, amma bakin tiyonmu yana cikinsa

Ɗan Kamiyo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau kwanana tara a Lome ina jiran lodi. Zaman banza ya ishe ni, jiya na hau kabu-kabu na bi hanyar Aneho don in gaishe da tsohon maigidana, wanda ya koya mini tuƙi, yana da garaji gabas da tashar jiragen ruwa. Wallahi ban gane wurin ba. Inda muke shimfiɗa tabarma mu yi sallar la'asar ƙarƙashin itacen kwakwa, yanzu ruwa ne ke bugawa. Garajin ya koma hayin kwalta. Ya nuna mini wani baƙin abu da ke leƙowa in ruwa ya ja baya, ya ce tsohuwar hanyar mota ce, a kanta ya fara aikin karen mota. Tun daren jiya abin ke cina. Man Agadam da muke alfahari da shi, bakin tiyonsa yana Seme, kan irin wannan gaɓar ce, gabas da Kwatano. In teku yana cin ƙasa haka, wa ke lissafin abin? Masu ilimi ku taimaka mana.

Bawan Allah: Wa alaikumus salam. Direba, ka ci abinci kuwa? Mu da hamada ke bi da gudu, rijiyoyin Abalak na ƙafewa, kai kuma teku ne ya hana ka barci. Masu teku su ji da tekunsu.

Hajiya Mai Atamfa: Bawan Allah, shinkafar da ka ci yau ta ina ta shigo? Daga Tabalak aka kamo ta? Kwantenata ta yi wata biyu a hanya bara, tun da aka koma bi ta Burkina. Duk abin da ya taɓa bakin teku sai ya taɓa tukunyarka, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Alhaji Mai Albasa: Gaskiyarki Hajiya. Ni shekara talatin da wani abu ina kai albasar Galmi Akara da Abijan. Hanyar da ke bin bakin ruwa daga Lome zuwa Kwatano, wadda munka fara bi ba ita ce ta yanzu ba. Yaron ga bai yi ƙarya ba. Amma ni abin da ban gane ba, ruwan ne ke ƙaruwa ko ƙasar ce ke gudu? Mushe, kana ina? Wanga aikinka ne.

Mushe: Ina nan Alhaji, ranka shi daɗe, na tsaya in ga iya gudun ruwan yaran tukuna. Tambayarka ita ce tambayar, domin abubuwa biyu ne ake cakuɗawa, har a rediyo.

Na farko, teku yana tashi, wannan babu gardama. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya auna cewa daga 1901 zuwa 2018 ya ƙaru da kimanin santimita 20. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne saurin: a farkon wancan lokacin milimita 1.3 ne a shekara, amma tsakanin 2006 da 2018 ya kai milimita 3.7. Dalili biyu ne. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi, sannan ƙanƙarar da ke kan tudu a can ƙarshen duniya tana narkewa tana gangarowa.

Na biyu kuwa, wanda ya cinye garajin maigidan Direba, rairayi ne. Wannan gaɓar, daga Gana zuwa Legas, rairayinta ba ya zaune wuri ɗaya. Igiyar ruwa tana zuwa a karkace, sai ta riƙa tura shi daga yamma zuwa gabas, dare da rana, kamar ayarin da ba ya yada zango. Muddin abin da ya tafi gabas ana mayar da madadinsa daga yamma, gaɓa tana nan inda take. To sai aka gina madatsar Akosombo a kan kogin Bolta a 1965, rairayin da kogin ke kawowa ya kwanta a bayan madatsa. Aka buɗe tashar Kwatano a 1965, ta Lome a 1968, kowace da doguwar katangar duwatsu da ta shiga cikin ruwa. Ayarin ya zo ya ci karo da katanga. Yamma da tashar rairayi ya taru, fili ya ƙaru. Gabas da ita igiyar ruwa ta zo hannu rabbana, sai ta ɗebi na ƙarƙashin gidajen mutane. Direba, ka duba da idonka, yamma da tashar Lome bakin ruwa faɗi gare shi har ana buga ƙwallo. Gabas ne ake kuka.

Ɗan Kamiyo: Wallahi haka ne Mushe! Ta wajen iyakar Gana sai ka yi tafiya cikin rairayi kafin ka taɓa ruwa. Ban taɓa haɗa abin ba.

Bawan Allah: To ai ka gama magana Mushe. Ashe ba wani ɗumamar yanayi, gini ne aka yi ba lissafi. Turawa su daina ɗora mana laifin hayaƙi don su hana mu haƙo manmu. Su sun ƙona nasu shekara ɗari da hamsin, mu da muka fara jiya ne za a ce mu tsaya?

Mushe: Kada ka sa mini magana a baki, ɗana. Bari mu yi lissafin ƴan firamare. Masu auna gaɓa suna da ƙiyasi na kan hanya: a bakin ruwa mai rairayi kuma shimfiɗaɗɗe, in teku ya tashi santimita 1, gaɓa na iya ja da baya har kusan mita 1. Ka ɗauki milimita 3.7, ka ga bai kai rabin mita a shekara ba. Alhali gabas da tashar Lome akwai wuraren da aka yi asarar mita 5 har zuwa 10 a shekara guda. Saboda haka, a yau, kaso mafi girma aikin hannun mutanen wurin ne. Nan na ba ka gaskiya. Amma rairayin da katanga ta tare ana iya kwaso shi da jirgi a zuba inda ya ɓace. Tashin teku ba shi da jirgin da zai mayar da shi. Ko yau duniya ta daina ƙona mai, zafin da ya riga ya shiga ruwa zai ci gaba da aikinsa ɗaruruwan shekaru. Kuma kowace guguwa da ta zo, a kan wannan ƙarin take hawa.

Injiniya: Salamu alaikum. Na ga ana ta ambaton tiyo, bari in sa baki tunda fannina ne, kada a tsorata mutane a banza. Tiyon ya taso daga Agadam, ya ratsa jihohin Difa, Damagaram, Maraɗi, namu na Tawa ta wajen Ƙonni, da Doso, ya ƙetare kogi ta Gaya. Tsawonsa kusan kilomita 2,000, daga ciki 675 a ƙasar Binin. Kamfanin CNPC na Sin ne ya gina, an aza harsashi a 2019, jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. An tsara shi ya ɗauki ganga 90,000 a rana, ban da 20,000 da matatar Soraz ke tacewa tun 2011. Abin da Direba bai sani ba, jirgin dakon mai ba ya zuwa bakin gaɓa. Manyan tankunan ajiya suna kan tudu a Seme, daga nan tiyo ya bi ƙarƙashin ruwa kusan kilomita 15 zuwa wani abu mai shawagi da aka ɗaure da sarƙoƙi, a nan jirgi ke kama shi ya sha. Abin da ke shawagi, in teku ya tashi shi ma ya tashi. Masu irin wannan gini ba yara ba ne, kuɗin da suka zuba biliyoyin dala ne, ba za su bar ruwa ya kwashe ba.

Ƴar Makaranta: Ina wuni iyayena da yayyena. Yaya Injiniya, maganarka ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni tsoro, ba ta kwantar mini da hankali ba. Na yarda ba za su bari ruwa ya kwashe tankunansu ba. Tambayar ita ce, in sun kare nasu, ruwan ina zai nufa?

Ina karatu a Sanluwi ta Senegal, shekarata ta uku. Garin yana bakin kogin Senegal, tsakaninsa da teku akwai wani siririn harshen rairayi, a kansa unguwar masunta ta Getndar take, cunkushe kamar kasuwar Tawa ranar Lahadi. A watan Oktoban 2003 kogi ya cika yana neman shanye gari, hukuma ta sa aka yanka harshen nan, faɗin mita 4 kacal, don ruwa ya samu mafita. Yau wannan yankan ya zama kilomita da dama, ya haɗiye ƙauye, ruwan gishiri ya kashe gonakin lambu, masunta da yawa sun mutu wajen ƙetare shi. A Getndar na ga aji na makaranta da teku ya raba biyu, allon yana nan a jikin bango. An kwashe iyalai an kai su wani fili can cikin tudu, nesa da ruwa. Masunci ne fa, kwale-kwalensa na bakin teku, shi an kai shi inda sai ya biya mota kafin ya ga ruwa.

To a daidai wannan wuri, kimanin kilomita 10 cikin teku, an gina ƙatuwar katangar kankare don kare jirgin sarrafa iskar gas na rijiyoyin da Senegal da Muritaniya suka haɗa hannu a kai. Gas ɗin ya fara fita a ƙarshen 2024. Da dare daga bakin ruwa kana hango wutarsa. Masunta suna cewa an dasa shi kusa da dutsen ƙarƙashin ruwa da suke kira Jatara, inda kakanninsu ke kamun kifi, kuma yanzu an hana su matsawa.

Injiniya: Ƙanwata, hanin ba zalunci ba ne, doka ce ta duniya. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ba ƙasa dama ta shata mita 500 kewaye da kowane irin wannan gini. Ki yi tunanin kwale-kwale da murhun gawayi a ciki, ana dafa shayi, ya matso kusa da gas. Kuma ba wasa ba ne: a 2012 wani jirgi ya ja ƙarfen tsayawarsa a gaban Lome ya fasa tiyon gas da ke tafiya daga Najeriya zuwa Gana, kusan shekara guda Gana na fama da ƙarancin wuta saboda haka.

Ƴar Makaranta: Ban ce a bar su su shiga da gawayi ba, Yaya. Na ce kafin a dasa ginin, an tambayi wanda ke cin abinci a wurin? Kuma fitilun nan suna jan kifi. Kifi ya taru cikin mita 500 ɗin, masunci na waje yana kallo. Masuntan Gana ma kukan da suke yi ke nan tun da aka fara haƙo mai a rijiyar Jubili a 2010.

Alhaji Mai Albasa: Tsaya ɗiyata. Wanga abu da kuke faɗi, ai mun san shi. Burtali ne. Manomi shina son shuka, Bafillace shina son hanyar da zai kai shanu mashaya, in ba a shata ba sai an zubda jini. Lokacin da muna yara dattawa ke shatawa da duwatsu da aguwa. Da baya anka kawo kwamitin ƙasa, sunka kafa turaku masu fenti. Ashe ruwa ma sai an yi mishi burtali?

Mushe: Alhaji, da ina da aji yau da kai zan ba allo. Abin da ake koyarwa a manyan makarantu da dogon suna ke nan: a ɗauki taswirar teku a shata. Nan hanyar manyan jirage. Nan makiyayar masunta masu kwale-kwale, manyan jiragen kamun kifi kada su shigo. Nan gonar mai. Nan inda kifi ke ƙwai, kowa ya bar shi. Nan tiyo ya bi, nan wayar intanet ta bi. Kun tuna watan Maris na 2024 da intanet ya yi ta wahala a ƙasashen yankin nan, har mu ya taɓa? Wayoyi huɗu ne suka katse a ƙarƙashin teku gaban Kodibuwa. Mu da ke Tawa, kusan kilomita dubu daga ruwan gishiri.

Amma Alhaji ka fi ni sanin yadda burtali ke ƙarewa. Dokar karkara tamu ta 1993 kyakkyawa ce a takarda. Sai ka je ka tarar mai kuɗi ya shinge rabin makiyaya, turakun suna nan, shanun ne babu hanya. A teku abin ya fi muni, saboda gonakin mai an riga an yanka su an sayar tun kafin a zauna zancen taswira. In ka ga taswirar tekun Gini ta ma'aikatun mai, kamar filotin da aka raba ne, murabba'i kusa da murabba'i. Masunci yana zuwa taron ne bayan an gama rabo.

Sannan ga bambanci ɗaya da ke sa aikin ya fi na tudu wuya. Burtalinmu in ka kafa turke, bayan shekara hamsin yana nan. A bakin teku layin da ake aunawa daga gare shi, wato inda ruwa ya tsaya, shi kansa tafiya yake yi.

Na Abijan: Gaisuwa ga manya. Ni shekarata goma sha shida a Abijan, ina Por-Buwe, ina sayar da kayan masarufi. Abin da Ƴar Makaranta ta faɗa na gani da idona. A 2011 cikin damina teku ya tashi dare ɗaya ya kwashe gidaje a unguwarmu, mutane suka fito da tabarmi a ka. Matatar mai tana nan Biridi kusa da mu, da tankuna, da mashigin jirage da aka haƙa tun 1950. Ban taɓa jin an ce ruwa ya shiga can ba, duwatsun da aka jibge ko giwa ba ta motsa su. Mu kuwa buhunan rairayi da tayoyi muke tarawa. Wani abokina ɗan Lahu ya ce a garinsu har maƙabarta teku ya tone, mutane suna kwashe ƙasusuwan iyayensu suna kai wa tudu. Inna lillahi. Wannan ne ya tsaya mini a rai, ba gidajen ba.

Bawan Allah: Allah ya kyauta. Amma ku gaya mini, laifin mai ne wannan? Tashar jirage ce ta tare rairayi, in ji Mushe. Tashar kuma kayanmu take saukewa. Hajiya, atamfarki ma na cikin masu laifi ke nan.

Hajiya Mai Atamfa: Ban musa ba. Kuma har gidajen da aka gina a Kwatano, da rairayin bakin teku aka gina su, a Seme ɗin nan ake ɗiba da manyan motoci kafin gwamnatinsu ta hana a 2008. Na ga layin motocin da idona lokacin ina zuwa Dantokpa sari. Kowa ya ci, sai dai ba kowa ke biya ba.

Ƴar Makaranta: Baba Bawan Allah, mai yana shiga ta ƙofa uku. Ƙofar farko hayaƙinsa, shi ke ƙara zafin da ke kumbura teku, wannan na duniya ne gaba ɗaya kuma rabonmu a ciki bai taka kara ya karya ba. Ta biyu, abin da aikin haƙarsa ke yi wa gaɓar kanta. A Luwiziyana ta Amurka kamfanoni sun yanka dubban kilomita na magudanai cikin fadama don su kai injuna, ruwan gishiri ya bi ta nan ya kashe ciyawar da ke riƙe da ƙasa. Haɗe da katangun da suka hana kogin Misisipi zuba laka, jihar ta yi asarar kusan murabba'in kilomita 5,000 tun daga shekarun 1930. A Neja Delta kuma malalar mai ta kashe itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke karya ƙarfin igiyar ruwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ƙofa ta uku ita ce wadda Yaya Na Abijan ya faɗa: inda kuɗi yake, nan ake kai duwatsu.

Injiniya: Ta ukun nan ina da ja. A ina gwamnati za ta samu kuɗin duwatsun in ba ta da abin sayarwa? Bankin Duniya ya yi lissafi a 2019 cewa lalacewar gaɓa ta ci wa Binin, Kodibuwa, Senegal da Togo dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai, kashi 5.3 cikin ɗari na arzikinsu. Aikin da aka yi tsakanin Agbodrafo ta Togo da Gran-Popo ta Binin, aka jera katangun duwatsu kamar haƙoran matsefi, aka zuba rairayi da jirgi, da bashi da tallafi aka yi shi. Binin tana karɓar kuɗin wucewa a kan kowace ganga tamu. In ta ga dama ta sa shi a gaɓarta. Holan da ake misali da ita, bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum fiye da 1,800, ba da addu'a kaɗai ta tare teku ba, da dukiya ta tare.

Mushe: Nan kana da gaskiya rabi, Injiniya. Aikin Togo da Binin ɗin ma abin yabonsa shi ne an yi shi tare. Domin haƙoran matsefin nan halin tashar jirage gare su, ƙanana ne kawai: kowane ya tare wa na yammansa, ya ƙwace wa na gabas. In Togo ta yi ita kaɗai, Binin ce za ta biya. Mu mutanen Keita mun san wannan tun zamanin furoje a shekarun 1980. In ka tare kori a gonarka ba ka yi shawara da na ƙasa da kai ba, ka tura masa ruwan ne da ƙarfi biyu. Sai an ɗauki kwarin gaba ɗaya tun daga kan dutse. Ka dubi Legas: an cike teku an gina sabon gari na masu hali, Eko Atlantik, da katanga mai kilomita 8 da wani abu. Mazauna ƙauyukan da ke gabas da shi kuma suna ta kokawa cewa ruwa ya ƙara cin su.

Rabin da ban ba ka ba shi ne misalin Holan. Su sun tare wa kowa, manomi da mai masana'anta. Tambayar ƴarmu ita ce ko kuɗin man zai tare wa kowa ko zai tare wa mai.

Ɗan Kamiyo: Ni fa tambayata ta farko har yanzu tana nan. Mu Nijar muna da baki a wannan rabon? Ko sai dai mu zuba mai a tiyo mu yi addu'a?

Bawan Allah: Wane baki? Ka manta 2024? Jirgi ya zo, aka ce ba za a yi lodi ba sai an buɗe iyaka. Aka kama mutanenmu a Seme. Aka rufe famfo wata da watanni. Ba teku ne ya tsayar da man ba, mutum ne. Ni da za a bi tawa a juya tiyon ta Cadi zuwa Kiribi ta Kamaru.

Mai Zaure: Jama'a a yi hattara. Dokar zaure tana nan: ban da siyasa, ban da zagin shugabanni na gida ko na waje. A tsaya kan ruwa da rairayi.

Mushe: An ji, Mai Zaure. Bawan Allah, Kiribi ma bakin teku ne, ƙasar wani ce kuma. Duk inda ka juya, gaba kura baya sayaki. Amsar Direba ita ce: a takarda muna da ɗan baki. Nijar ta amince da yarjejeniyar dokar teku a 2013. Sashe na 125 ya ce ƙasar da ba ta da gaɓa tana da haƙƙin kaiwa ga teku ta cikin maƙwabtanta. Har akwai sashen da ya ba mu damar shiga kamun rarar kifin da ke ruwan maƙwabta, in an yi yarjejeniya. Sai dai wannan sashe na 125 ɗin ya ƙara da cewa yadda za a wuce sai an daidaita tsakanin ƙasashen biyu, kuma mai gaɓa yana nan da ikonsa a kan ƙasarsa. Wato kana da haƙƙin shan ruwa, amma guga na hannun mai rijiya.

Alhaji Mai Albasa: To a ba mu rabon kifin namu, mu aika masuntan Tabalak. Su ga ruwan da ba shi da hayi, su dawo da gudu.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji ka bar ni da dariya, ina cikin shago mutane na kallona.

Injiniya: Akwai abu ɗaya da ya kamata in faɗa ko da ya saɓa wa ɓangarena. A gaban Seme ɗin nan Binin ta taɓa haƙo nata man, daga 1982 zuwa 1998. Da aka daina, ƙarafunan suka yi shekaru a tsaye cikin ruwa suna tsatsa. Irin wannan shi ne ke damuna fiye da tashin teku: ranar da rijiya ta ƙafe, wa zai kwashe kayan, da kuɗin wa? Mai na Agadam ba zai dawwama ba. Ya kamata a ce tun ranar da aka sa hannu an ware kuɗin kwashewa. Kuma gaskiya ne, abin shawagi ba ya tsoron ruwa, amma wurin da tiyo ya fito daga tudu ya shiga teku, in rairayin da ya binne shi ya tafi, sai ya fito fili igiyar ruwa na dukansa. Wannan wurin dole a riƙa auna shi duk shekara.

Ƴar Makaranta: Na gode Yaya. Kuma in an zo kare wannan wurin da duwatsu, na gabas da shi su ne Krake da iyakar Najeriya, sai Badagiri. A can ma akwai masu kwale-kwale.

Mushe: Wani abin da ke ba ni mamaki in na zauna bakin gada a Yamai. Kogin Isa yana cikewa da rairayi, da rani yara na taka shi da ƙafa, da damina ya rasa wurin kwana ya fasa katanga ya shiga Harobanda kamar yadda ya yi a 2020. Rairayin korinmu ne, wanda ruwan sama ke wankowa tunda an sare itatuwa. A ƙarshen wannan kogin kuma, can Neja Delta, ƙasa na neman laka ba ta samu, madatsun Kainji da Jebba sun tare. Mu ya yi mana yawa, su ya yi musu kaɗan, kogi ɗaya. In an gama gina madatsarmu ta Kandaji, ita ma za ta riƙe nata kaso. Ban ce kada a gina ba, ina son wuta kamar kowa.

Bawan Allah: To Mushe, na sauko daga rabin dokina. Rabi kawai. Har yanzu ina ganin rijiyar Abalak ta fi kusa da ni.

Na Abijan: Kuɗin da ake haƙa rijiyar da shi, rabinsa daga nan bakin ruwa muke aikowa, Malam. Ka tambayi kowane gida a Ader.

Ɗan Kamiyo: Jama'a an kira lambata, gobe da asuba za mu yi lodi, sai ayarin Kaya da Dori in Allah ya yarda. Da yamman nan na koma wurin maigidana na karanta masa abin da kuka rubuta. Ya ce a gaida Mushe, ya ce zancen ayarin rairayi gaskiya ne, su tun da can sun lura ruwan gabas yake jan kwale-kwale. Na taka daga turken wutar da ke ƙofar sabon garajin zuwa inda ruwa ke tsayawa, taki 140 ne. In na dawo bayan salla zan sake ƙirgawa.

Mushe: Daga turken nan dai, kada ka canza. Kuma ka lura ko ruwa ya cika ne ko ya janye lokacin da ka auna, ka rubuta sa'ar. Allah ya kiyaye hanya.

Alhaji Mai Albasa: Amin. Kafin ka taso ka leƙa kasuwa ka jiyo mini nawa buhu ya kai.